Yadda Ake Tara Tsabar Azurfa Mai Bugun Madubi a Saudiyya, da Yadda Ake Gane Ƙimarta

Duk wanda ya saba ratsa shagunan zinariya na Balad a Jidda, ko ya taɓa leƙa Kasuwar Zal a Riyad inda ake baje tsofaffin kuɗi da takubba da darduma, ba zai rasa ganin wasu tsabobin azurfa da ke kwance cikin ƙananan akwatuna masu shimfiɗar karan-miski ba, kowace a rufe cikin kwanson roba mai haske, fuskarta tana ƙyalli har mutum ya hango kansa a ciki. Waɗannan su ne Turawa ke kira furuf, ni kuwa a nan zan riƙa kiransu bugun madubi. 'Yan'uwanmu Hausawa mazauna Makka da Jidda da Madina sun daɗe da sanin hanyar adana dukiya a sarƙa da awarwaro, kuma wasu daga cikin matasanmu sun fara karkata zuwa irin wannan tsaba. Abin da ya kamata mai farawa ya riƙe tun daga tushe shi ne, kuɗin da yake biya na abubuwa uku ne a haɗe, wato azurfar da ke cikin tsabar, da aikin bugu tare da kwalliyar akwati, da kuma ƙarancinta a hannun mutane, alhali mai shagon zinariya, ranar da aka kai masa ita, na farkon kaɗai zai biya.

Mataki na farko: sanin abin da ake kira bugun madubi

Bugun madubi hanya ce ta ƙera tsaba. Gidan buga kuɗi yana goge hatiman ƙarfe har su yi sumul, ya wanke faifan azurfar da za a buga, sannan a danna shi sau biyu ko fiye da haka a hankali da ƙarfi mai yawa. Daga nan filin tsabar ya fito kamar madubi, zanen da ke kai kuma ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Tsabar da aka buga domin masu sayen azurfa da nauyi kuwa bugu ɗaya ake yi mata da sauri, a zuba ta cikin bututun roba ashirin-ashirin ko ashirin da biyar-biyar, kuma ko da zanensu iri ɗaya ne, kasuwarsu daban take. Wannan ta biyun ita zan riƙa kira bugun nauyi.

Ya kamata a sani cewa ƙyalli ba ya nuna azurfa. Gidan buga kuɗi na Amurka yana fitar da jerin bugun madubi iri biyu a shekara, ɗaya na tagulla da aka lulluɓe da farin ƙarfe, ɗaya na azurfa, dukansu da harafin S, alamar gidan bugun da ke San Faransisko. Jerin azurfar na yanzu ya soma a 1992 da kashi 90 cikin 100, aka mai da shi 999 cikin 1,000 daga 2019. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce duba gefen tsabar, domin wadda ba ta azurfa ba za a ga jan layin tagulla ya zagaye ta. Haka nan shekarar da ke jikin tsaba ba kullum take nuna tsufanta ba. Riyal faransi, tsabar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wanda kakanninmu suka sani tun a kasuwannin ƙasar Hausa da kan hanyar Hajji ta Sudan, yana ɗauke da 1780, amma gidan buga kuɗi na Ostiriya har gobe yana buga shi da wannan shekarar, har da na bugun madubi.

Mataki na biyu: zaɓen layi guda

Mai farawa yakan so ya sayi duk abin da ya burge idonsa, sai bayan shekara biyu ya tarar da akwati cike da abubuwan da ba su da dangi da juna, masu wuyar sayarwa. Gara a ɗauki jeri ɗaya da duniya ta sani a bi shi. Mafi faɗin kasuwa shi ne Silver Eagle na Amurka, wanda aka fara a 1986, nauyinsa oza ɗaya ta azurfa 999, faɗinsa milimita 40.6, an rubuta dala ɗaya a jikinsa. Bugun madubinsa ya fito da harafin S daga 1986 zuwa 1992, da P na Filadelfiya daga 1993 zuwa 2000, sannan W na Wes Poyint daga 2001. A 2009 ba a buga na madubi ba sam, saboda haka duk wanda ya miƙo maka na wannan shekarar a matsayin aikin gidan buga kuɗi, ka mai da masa abinsa. A 2021 kuma aka sauya zanen mikiyar da ke bayansa.

Akwai Britannia ta Ingila, wadda aka soma da azurfa a 1997 da tsarkin 958, aka koma 999 a 2013. Akwai Maple Leaf ta Kanada tun 1988 mai tsarkin 9999 cikin 10,000, da Panda ta Sin, wadda tun 2016 nauyinta ya koma giram 30 daga oza ɗaya, abin da masu saye da yawa ba su lura da shi ba. Wanda yake son abin da ya shafi yankin nan yana iya neman tsabobin da masarautun Ajman da Fujaira da Ras al-Khaima da Umm al-Kuwain suka fitar domin masu tarawa a wajejen 1969 da 1970, kafin kafuwar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Tsohon riyal na azurfa na Sarki Abdul'aziz, na shekarar 1354 Hijiriyya, mai giram 11.66, kuɗin kashewa ne na yau da kullum, kasuwarsa kuma dabam ce, ko da yake a shago ɗaya ake samunsu.

Yawancin waɗannan tsabobi suna ɗauke da hoton mutum ko dabba, kuma akwai gidajen da ba sa son ajiye irin wannan. Wanda abin ya dame shi sai ya tambayi malaminsa tun kafin ya zuba kuɗi, ko ya zaɓi masu rubutu da zanen masallatai da gine-gine.

Mataki na uku: lissafin azurfar da ke ciki

A nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin wannan lissafi shi ne ƙasan rijiyar, farashin tsaba ba ya nutsewa ya wuce shi da nisa. Ozar da ake auna azurfa da ita giram 31.1 ce, ta fi ozar kayan abinci mai giram 28.35 nauyi. Farashin duniya da dala ake faɗarsa a kan kowace oza, kuma mazaunin Saudiyya ya huta da wahalar canji tun da riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986. Sai a duba farashin ranar a waya, a ninka shi da 3.75 a sami farashin oza da riyal, a raba da 31.1 a sami na giram. Bayan haka a ninka nauyin tsabar da tsarkinta, abin da ya fito a ninka shi da farashin giram.

A ɗauka, domin misali kawai, cewa oza tana dala 40. Ke nan riyal 150, giram ɗaya kuma kimanin riyal 4.82. Silver Eagle tana da azurfar riyal 150. Panda mai giram 30 tana da ta kusan riyal 145. Babbar tsabar tunawa ta Ingila, mai fam biyar, nauyinta giram 28.28 ne da tsarkin 925, wato zallar azurfarta giram 26.16, kimanin riyal 126, duk da cewa a ido girmanta ya kusa na oza. Riyal faransi mai giram 28.07 da tsarkin 833 bai wuce riyal 113 ba.

To idan mai sayarwa ya ce riyal 450 yake nema a kan tsabar oza ɗaya, ka san 150 ne kuɗin azurfa, 300 kuma ɗori ne. Ma'anar wannan ita ce, in har ka rasa mai tarawa irinka da zai saya, sai farashin azurfa ya ninka sau uku kafin ka fid da uwar kuɗinka a wurin mai auna nauyi. Farashin azurfa kuwa doki ne marar linzami. Ya kusa dala 50 a Janairun 1980, ya faɗo ya yi shekaru da yawa a ƙasa da dala 10, ya sake kusantar 50 a Afrilun 2011, sannan a Maris na 2020 ya sauko wajen dala 12. A tashin 1980 an narkar da ɗimbin bugun madubi na shekarun 1970, da akwatunansu da takardunsu duk aka watsar, domin a lokacin nauyin kawai ake saye. A ra'ayina, wanda burinsa adana dukiya ne zalla ya sayi bugun nauyi mai ɗan ƙaramin ɗori, ya bar bugun madubi ga wanda yake jin daɗin abin a ransa kuma yake da haƙurin koyon kasuwarsa.

Mataki na huɗu: auna ɗorin

Abubuwa uku ke riƙe ɗori: adadin da aka buga, yawan masu nema, da lafiyar tsabar. Tarihin Silver Eagle ya isa misali. Bugun madubi na 1986 ya haura miliyan 1.4, don haka duk da shi ne na fari, samunsa ba wuya. Na 1994 guda 372,168 aka buga, ya fi shi tsada. Na 1995 mai harafin W kuwa guda 30,125 ne kacal, domin ba a sayar da shi shi kaɗai ba, sai cikin akwatin cika shekara goma tare da tsabobin zinariya huɗu a kan dala 999, kuɗin da masu tara azurfa da yawa suka ga ya fi ƙarfinsu. Yau wannan ƙwaya ɗaya dubban daloli ake sayenta. A shekarar 1995 ɗin kuma akwai mai harafin P, wadda aka buga da yawa, farashinta bai kama ƙafar na W ba, ka ga ke nan harafi ɗaya da bai kai ƙwayar gero ba shi ya raba su.

Sai dai ƙarancin adadi shi kaɗai ba ya sa tsada. Kamfanoni masu zaman kansu suna karɓar izini daga ƙananan ƙasashen tsibirai, su buga tsaba dubu ɗaya ko biyu da sunan ƙasar, da launi da akwati mai walƙiya, su sayar da ninkin azurfarta sau biyar. Bayan 'yan shekaru masu nema sun watse, wani sabon zane ya ɗauke hankalinsu. Dubu talatin da mutum dubu ɗari ke nema ta fi dubu ɗaya da mutum ɗari biyu ke nema. Hanyar gane gaskiyar nema ita ce duba farashin da aka riga aka sayar, a shafukan gidajen gwanjo ko a sashen cinikin da ya kammala na eBay. Farashin da mai kaya ya rubuta yana jira buri ne kawai.

Game da lafiyar tsaba, akwai kamfanonin tantancewa guda biyu da kasuwa ta fi yarda da su, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC da aka kafa a 1987. Suna ba da maki daga 1 zuwa 70, su rufe tsabar cikin kwanso mai hatimi da lambar shaida. PCGS na rubuta PR, NGC na rubuta PF. Bugun madubi na zamani kusan duk 69 ko 70 yake samu, saboda haka 69 ba abin ƙarin kuɗi mai yawa ba ne. Makin 70 kuma tsadarsa tana raguwa duk lokacin da aka sami ƙarin masu shi. Wata 1995-W mai maki 70 an sayar da ita sama da dala 86,000 a 2013 lokacin da irinta ba su da yawa, daga baya da adadin ya ƙaru farashin ya sauko ƙwarai. Aika tsaba daga Jidda zuwa tantancewa, da kuɗin aikin da na jirgi da na inshora, yakan fi ƙimar tsabar gama-gari, don haka ba a yin sa sai ga ƙwaya mai tsada.

Mataki na biyar: bincike kafin biya

Ka tanadi ƙaramin sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da ma'aunin faɗi da kauri, da gilashin ƙara girma mai ninki goma, da maganaɗisu mai ƙarfi. Azurfa ba ta kama maganaɗisu, duk wadda ta manne jabu ce. Wadda ba ta manne ba kuma ba ta tsira ba tukuna, tun da tagulla ma ba ta kamawa. Abin da ke tona asirin tagullar da aka shafa wa ruwan azurfa shi ne nauyi da kauri a haɗe, domin nauyin azurfa giram 10.49 ne a kowane murabba'in santimita mai kaurin santimita ɗaya, na tagulla 8.96, saboda haka jabun da ya cika nauyi dole ya fi kauri ko faɗi, wanda ya daidaita girma kuma dole ya gaza nauyi. Wasu shagunan zinariya suna da na'urar haska ƙarfe, tana da amfani, amma fatar sama take karantawa. Kada ka yarda a ɗiga ruwan gwaji ko a goga tsabar a dutse ko a buga ta a ji ƙararta, domin kowanne daga ciki yana kashe ɗorin nan take.

Idan tana cikin kwanson PCGS ko NGC, shigar da lambar a shafinsu ka gwada hoto da abin da ke hannunka, domin har kwansunan ana yin jabunsu. Idan tana cikin akwatinta na asali, tabbatar da takardar shaidar tana nan kuma shekararta ta dace. Sannan ka karkata ta ƙarƙashin fitila ɗaya, kana juyawa a hankali, kana neman siraran layuka a filin madubin, da hazo, da fararen ɗigo masu kama da busasshiyar madara, waɗanda kan fito da kansu bayan shekaru kuma ba sa gogewa.

Mataki na shida: wurin saye da yadda ake biya

Hanyoyi uku ne: kai tsaye daga gidajen buga kuɗi ko dillalansu na waje, daga shagunan cikin gida, ko daga mutane ta dandalin saye da sayarwa na intanet mai suna Haraj da zaurukan masu tarawa. Sabon fitowa daga gidan bugu ba shi da haɗarin jabu amma a nan ɗori ya fi nauyi, kuma sau da yawa tsabar shekara biyar da ta wuce ta fi ta bana araha a hannun dillali. Ka sa kuɗin jigila da haraji cikin lissafi. Harajin kaya a Saudiyya kashi 15 ne tun Yulin 2020, kuma rangwamen da aka yi wa ƙarafa masu daraja na jari ya shafi masu tsarkin kashi 99 zuwa sama ne, ke nan tsabar 925 ko 900 ba ta ciki. Ka nemi fatura, wato takardar shaidar ciniki, mai ɗauke da nauyi da tsarki da shekara.

Akwai kuma hukuncin shari'a, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Hadisin Ubada bin Samit da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna cewa azurfa da azurfa sai nauyi daidai kuma hannu da hannu, idan jinsi ya bambanta kuma a sayar yadda aka so muddin hannu da hannu ne. Bisa wannan, malamai suna hana sayen azurfa bashi ko biya kaɗan-kaɗan, suna kuma hana musanya tsabar madubi ɗaya da na nauyi biyu. Mafita ita ce ka sayar da naka ka karɓi kuɗi, sannan ka sayi wanda kake so. Saye ta intanet, inda kuɗi ke tafiya yau kaya ya iso bayan mako biyu, malamai sun yi maganganu a kansa, sai mutum ya bayyana wa wanda ya amince da iliminsa yadda cinikin yake dalla-dalla.

Mataki na bakwai: ajiya

Kada a buɗe kwanso sai da dalili, in an buɗe kuma a kama ta gefe da safar hannu mai tsabta, kada a yi magana a kanta saboda tururin baki. Kada a goge ta da komai. Ni kaina a farkon lamari na taɓa ganin ɗan hazo a kan wata, na sa gefen rawani mai laushi na share sau ɗaya, da na duba a fitila sai ga layuka kamar an ja tsintsiya a kan yashi, daga ranar ta koma tsabar nauyi. Abin da ke baƙanta azurfa shi ne farar wuta da ke cikin iska, danshi kuma yana hanzarta aikin, shi ya sa mazaunin Jidda ko Jizan ya fi na Riyad bukatar kulawa. A sa tsabobin cikin akwati mai rufuwa sosai tare da ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi, a riƙa sauya su. A nisanta su da robar ɗaure kuɗi, da ulu, da takardar jarida, da ledoji masu laushi irin na da, haka kuma da ɗakin da ake turaren wuta kullum, wanda a gidajenmu kusan kowane ɗaki ne, sai dai a zaɓi can cikin kabad. Kada a bar su a mota da rana. Akwati da takardar shaida su ma dukiya ne, a adana su.

Mataki na takwas: littafi, zakka da ranar sayarwa

Buɗe littafi tun daga ƙwayar farko, ka rubuta ranar saye, da farashi, da farashin azurfa a ranar, da nauyin zallar azurfar. Wannan shafi na ƙarshe shi zai nuna maka lokacin da zakka ta hau. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wanda malaman zamani da yawa suka ƙiyasta da giram 595. Tsabobin oza ɗaya guda 19 giram 591 ne, guda 20 kuma giram 622, ke nan ƙwaya ta ashirin ce ke tsallakar da kai, idan shekara ta zagayo a fitar da kashi 2.5 cikin 100. Malamai da dama suna haɗa azurfa da zinariya da kuɗin hannu wajen cika nisabi, kuma wanda ya saya domin kasuwanci hukuncinsa ya bambanta da na mai ajiya, musamman kan ɗorin.

Idan ranar sayarwa ta zo, ka raba kayan gida biyu. Na gama-gari, waɗanda ɗorinsu ya riga ya zube, a kai su shago bayan an ji tayin mutum biyu ko uku, a kuma sa rai da ɗan ƙasa da lissafin nauyi. Masu ƙarancin adadi da masu maki a nemi masu tarawa ko gidan gwanjo, a cire kamashonsu cikin lissafi, kuma a ba abin lokaci, domin gaggawa ita ke tura mutum wurin mai sikeli. Wanda zai tafi da su gida Kano ko Zinder ya tuna cewa hukumar zakka da haraji da kwastan ta Saudiyya tana bukatar matafiyi ya bayyana kuɗi da ƙarafa masu daraja idan sun kai wani adadi, wanda aka daɗe ana aiki da riyal 60,000, sai a duba shafin hukumar kafin ranar tafiya, a riƙe faturori a jakar hannu tare da tsabobin. A cikin littafin nan kuma, gaban kowace ƙwaya mai tsada, ka rubuta da Hausa ko Larabcin da iyalinka za su karanta cewa wannan ba ta sikeli ba ce, tare da ƙiyasin farashinta da shekarar da ka yi ƙiyasin.